Takalmana Suna Ƙurɗuba

Na yi karatu gwargwadon abin da Allah Ya hore mini kafin a kama ni, na kuma yi shekara ashirin ina karanta fuskokin mutane a ƙarƙashin aska, kuma abin da na tattara daga makarantun biyu shi ne wannan: tsarin duniya gaba ɗaya a kan takalmi yake tsaye. Sarauta da bauta, tsarki da ƙazanta, wanda za a gaisar da wanda za a aika, duk a tafin ƙafa ake yanke hukuncinsu. Malaman da suka tsufa suna gardama a kan taurari, da sun sunkuyar da kai kaɗan da sun huta.

Tun da na dawo daga ƙasar Andalus ba ni da sakat. In na bi ta gindin gangaren Ladeira da Praça, inda 'yan'uwanmu masu ɗaukar kaya ke zaman jiran aiki, sai an tare ni: yaya ƙasar take, gaskiya ne akwai masallaci, me suke ci. Na gaji da maimaici, lokaci kuma ba ya hannuna. Don haka na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa jama'a, sannan ya jefa takardar a murhu. Na kiyaye ban sa aya ko ɗaya a ciki ba, saboda haka ƙona ta ba laifi ba ne, ajiye ta ne laifi.

Ko da takardar za ta faɗa hannun wanda bai san mu ba, sunana Garba, mutumin Katsina. A nan Bahiya Bento ake ce mini. A gida ɗan malam ba ya riƙe aska, amma a nan aka koya mini wanzanci, da shi kuma na yi shekara goma sha ɗaya ina fansar kaina daga ubangidana, Don Anselmo, wani ɗan kasuwar taba mutumin Sifaniya. A garin nan bawa ba ya sa takalmi, ko da ubangidansa ya yi masa rigar siliki. Saboda haka ranar da Don Anselmo ya miƙo mini takardar 'yanci, masu hankali suka ce in kai ta gidan mai hatimi a kwafe ta a babban littafi, yadda ko ta ɓata akwai shaida. Ni kuwa na dubi abin da ya rage a hannuna, na ga ya fi dacewa da kantin baduku. Na sayi takalma baƙaƙe masu maɓalli. Na hagu yana matsa mini, na yi wata guda ina tafiya kamar agwagwa, ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

Na ci gaba da yi wa Don Anselmo aski kowace safiya, yanzu da lada. Haka muke har aka yi boren nan da mutanenmu suka tayar a watan azumi, shekara tara ke nan. Kun san abin da ya faru, kun kuma san inda nake a ranar: a ɗaki, na sa sakata. Da gari ya waye aka kwashe gawarwakin mutanenmu daga unguwar Água de Meninos a kan amalanke, ni kuma na ƙone allona da 'yan takarduna, na ɗumama ruwa, na tafi aski. Ƙanen Don Anselmo ya rasa hannu guda a faɗan. Baba Sule, dattijonmu mai saƙar tabarma, ya sha bulalar da har yau ba ya iya kwanciya rigingine, kuma bai ambaci sunana ba. Daga ranar nan ɗan guntun rubutun Larabci ya isa a yi wa mutum abin da aka ga dama. Don Anselmo kuwa yakan nuna ni ga baƙinsa, kumfa a haɓarsa, ya ce ga baƙin mutum guda da ba ruwansa da waɗancan.

Bara ciwon hanta ya kwantar da shi. Da ya ga abin ya yi tsanani sai ya yi bakance ga mala'ikan da ke tsaron garinsu cewa in ya tashi zai je da ƙafarsa ya kunna masa kyandir. Ya tashi. Wata safiya ina gyara masa saje ya ce zai tafi, kuma ba zai yarda wani ya yi masa ƙaho a hanya ba sai ni. Na tambayi sunan garin don ladabi kawai. Ya ce Kordoba.

Askar ta tsaya a hannuna. Ƙurɗuba ke nan. Malaminmu a Katsina in ya zo kan sunan nan yakan ɗan lumshe ido, kamar mai tuna gidan da ya tashi a ciki, alhali ko Agadas bai taɓa zuwa ba. Rabin malaman da muka sha duka a kan maganarsu daga can suka fito.

Sai dai akwai doka. 'Yantaccen mutumin Afirka in ya fita daga ƙasar nan ba a barinsa ya sake sauka. Bawa mai rakiyar ubangidansa kuwa kaya ne, kaya kuma ba a hana su dawowa. Don Anselmo ya ce abin mai sauƙi ne: zai rubuta ni bawansa a takardar tafiya, ya riƙe mini takardar 'yancina a akwatinsa don kada masu bincike su gan ta a jikina, in mun dawo ya ba ni abina.

Na kai wa matata Kande maganar tana tsame ƙosai daga mai. Ita ma da kaskon nan ta fanshi kanta. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya kana fansar wuyanka, yanzu kuma aro za ka ba da shi?"

Na kawo mata karin magana biyu a kan amana da ɗaya a kan neman ilimi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin karin magana ta kwance mari daga ƙafar mutum ba. Da ta ga na riga na tafi a zuciya, sai ta ce to, ba za ta sauya wurin suya ba, don kada in sha wahalar nema. Baba Sule bai hana ni ba. Ya ce in na isa in yi raka'a biyu, ba don shi ba, don waɗanda aka zuba a rami ba wanda ya tsaya a kansu.

A bakin tashar jirgi na zauna a kan wani buhu na cire takalmana, na naɗe su a cikin zabira tare da asake da ƙahoni. Na manta cewa dutse yana da zafi haka. Magatakardan tashar ya dubi ƙafata kafin ya dubi takarda, ya buga hatimi.

Game da teku ba ni da dogon bayani. Na taɓa ƙetare ta sau ɗaya a ƙarƙashin katako, wannan karon ina sama, sai na ga abin da na ƙetare ban gani ba: ruwa ne, da yawa. Mun fi kwana arba'in. Abincinmu busasshen burodi mai ƙwari da kifi mai gishirin da zai iya tayar da matacce ya nemi randa. Salla kuwa a zuci nake yin ta, a zaune, ina yin kamar mai gyangyaɗi, kamar dai yadda na saba a gida. Wata rana jirgi ya yi tangaɗi ina tsakiyar aski, na ɗan yanke Don Anselmo a ƙarƙashin kunne. Ya yi dariya, ya ce shekara ashirin yana jiran in yi kuskure don ya tabbata ni mutum ne.

A Kadis, garin farko na ƙasarsu, aka tsare mu kwanaki a cikin jirgi don tsoron zazzaɓi. Wasiƙun da muka zo da su ma sai da aka kama su da awartaki aka tsoma a ruwan tsami, kamar ana yi musu wankan tsarki. Da muka sauka, mai duba kaya ya zazzage zabirata, ya ɗaga ƙaho ɗaya ya leƙa cikinsa, ya busa, bai yi ƙara ba, ya mayar. Sannan ya karanta takardar tafiya, ya dube ni, ya gaya mini da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma magana, cewa a ƙasar nan babu bawa, duk wanda ya taka ta ya 'yantu. Don Anselmo ya yi murmushi ya ce in sa takalmana. Na wayi gari ke nan da 'yanci biyu, ɗaya a akwatin wani, ɗaya a bakin wani.

Daga nan muka hau jirgin hayaƙi muka bi kogi zuwa Ishbiliya, inda na hangi wata hasumiya da ba ta bukatar a gaya mini wanda ya gina ta, an ɗora mata ƙararrawa a ka. Ba mu tsaya ba. Muka shiga karusa mai alfadarai goma. Kowace alfadara da sunanta, direban kuma yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya har uwa da kaka, yana haɗawa da waliyyansa. A saman karusar akwai wani mai bindiga da aka ɗauka don tsaron 'yan fashi. Na tambaya ta yaya zai gane su, aka ce ai 'yan'uwansa ne, bara ya bar sana'ar.

Abin da ya fara ba ni mamaki a hanyar nan shi ne Turawa masu dako. A Bahiya Bature ba ya ɗaukar ko laimarsa. A can na ga fari tas da tulu a kafaɗa, na ga wani yana kwasar kashin alfadari, na ga wata tsohuwa ba takalmi. A wani ƙauye wani gurgu ya miƙo mini hula ya kira ni Sinyo, wato maigida. Na waiga in ga da wa yake.

Masaukansu na hanya kuwa, ɗaki ne guda, mutane a wannan gefe, dabbobi a wancan, ƙuma tana zirga-zirga tsakani ba ta nuna bambanci. Cinyoyin alade suna rataye a rufi kamar yadda muke rataye damin masara. Komai da alade: a wake, a miya, har a cikin abin da suka rantse kayan lambu ne zalla. A Bahiya na daɗe da sanar da kowa cewa cikina ba ya karɓarsa, an kuma saba. A can sai wata mai masauki, mace mai ƙiba da gashin baki kaɗan, ta tsaya a kaina da ludayi ta ce a ƙasarsu mutane iri biyu ne ke ƙin naman nan, kuma an daɗe da korar su duka. Don Anselmo ya tare mini, ya ce cikina ne, shi shaida ne. Ta kawo mini wani abu mai sanyi a akushi, burodi da aka dama da ruwa da tafarnuwa da ruwan tsami. Fura ce da ta yi ridda. Na shanye. Amma a hanyar nan na ga itacen zaitun, da ɓaure, da rumman, waɗanda na san sunayensu tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa ganin ganyensu ba. Zaitun gajere ne, a murɗe, mai toka-toka. Na zaci zai fi haka.

Mun shiga Ƙurɗuba ta kan wata tsohuwar gada da hantsi. Lungunan ƙanana ne, fararen bango, ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsun hanya, mutane kaɗan. Na tambayi wani inda ake sayar da littattafai, ya yi tunani, ya nuna mini shagon mai sirdi. Muka sauka a gidan yayar Don Anselmo, wata gwauruwa mai baƙaƙen kaya wadda ta tambayi ƙanenta, ina tsaye, ko an yi mini wankan shiga addini, ko kuwa sai ta ɓoye cokula. Aka ba ni ɗaki kusa da na jaki.

Ranar farko muka je wa mala'ikan. Rafayel suke ce masa, kuma ba sai an neme shi ba, don kusan kowane fili akwai shi a kan dogon ginshiƙi, riƙe da kifi. Na so in tambayi abin da mala'ika zai yi da kifi, na fasa. A majami'arsa Don Anselmo ya kunna kyandir mai tsawonsa daidai, wanda ni na ɗauko a kafaɗa tun daga kasuwa, ya kuma rataya wata 'yar hanta ta azurfa a bango, cikin ƙafafu da idanu da zukata na waɗanda suka riga shi warkewa. Ya durƙusa ya daɗe. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin da gaske yake yi.

Rana ta biyu muka fita bayan gari zuwa wata rijiya mai tsarki ta Maryamu. Ana sha don neman lafiya. Ya sha, na sha, ruwa dai ruwa ne. A bangon wurin an rataye wani busasshen kada, ya yi baƙi, haƙoransa sun zube. Mai tsaron wurin ya ce dabbar nan ta addabi gari har sai da wani gurgu ya kashe ta da sandarsa. Mata suna gicciye hannu a ƙirji suna ja da baya. A kogunanmu irin wannan kadan ko wanki ba a dakatarwa saboda shi.

Rana ta uku ce ta fara yi mini nauyi. Aka kai mu wata majami'a inda ake ajiye ƙasusuwan shahidansu a cikin akwatin azurfa mai tagogin gilashi. Limaminsu ya bayyana cewa mutanen nan sarakunan Musulmi ne suka kashe su, a zamanin da garin yake hannunsu. Ya jero sunayensu ɗaya ɗaya, maza da mata, kowa da ranarsa a shekara, kowa da kyandirinsa. Kusan shekara dubu, ba a manta ko ɗaya ba. Ni kuwa ina tsaye ina ƙoƙarin tuna sunayen waɗanda na gani a kan amalanke shekara tara kacal da suka wuce, na kai bakwai na tsaya. Namu ba likkafani, ba alama, ramin ma yanzu ba kowa zai nuna maka shi ba. A nan na fahimci wata mas'ala da ba a koya mana ba a Katsina: bambancin shahidi da ɗan tawaye shi ne wanda ya riƙe garin daga baya. Don Anselmo yana hawaye ya dafa kafaɗata, ya ce in duba in ga abin da mutanen nan suke aikatawa. Na duba.

Rana ta huɗu na yi masa aski da sassafe, na goge takalmana, muka tafi babbar majami'a.

Ana shiga ne ta wani fili mai itatuwan lemo a jere da kwatamin ruwa. Ba wanda ya gaya mini abin da ake yi da ruwan nan a da, hannuwana suka sani, na cusa su a aljihu. A bakin ƙofa mabarata ne a jere. Abin da ban tsare ba shi ne ƙafafuna. Ban yi shawara da su ba, su ma ba su yi da ni ba. Na dai ga kaina a sunkuye na cire takalma na ajiye su a gefen dokin ƙofa, kansu yana duban bango, yadda aka koya mini kafin in iya ɗaura wando. Sai da na ɗago na gane abin da na yi. Sai wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta sumbata. Ashe a wurinsu mai tuba ko mai cika bakance yakan shiga ba takalmi. Ta ce wa na kusa da ita su dubi baƙin mutum ya fi su tsoron Allah. Don Anselmo ya ji daɗi ƙwarai, ya ce shi ya rene ni. Na tsira ke nan, kuma da na tsaya a nan da yanzu wani labarin nake ba ku.

Ciki duhu-duhu ne da sanyi. Ginshiƙai ne na dutse, sahu bayan sahu, ko'ina ka juya, kamar an tayar da salla aka mayar da jama'ar duwatsu kafin su yi ruku'u. A kansu bakuna ja da fari, wani a kan wani. A tsakiyar wurin kuma an gina majami'a sukutum, doguwa, mai gumaka da zinariya, ta zauna kamar baƙon da ya samu tsakiyar tabarma ya miƙe ƙafa.

Mai riƙe da makullan wurin wani siriri ne mai garin taba a gashin baki. Ya ja mu har bangon ƙarshe, ya nuna mana wani ɗan ɗaki mai baki kamar kofaton doki, ya ce nan ne mutanen da suke ajiye asirinsu. Mihirabi ne, wurin tsayuwar liman. Kewaye da bakinsa an jera ƙananan duwatsu masu ƙyalli, shuɗi da zinariya, a cikinsu kuma rubutu, kowane harafi ya kai tafin hannu. Mai makulli ya ce ba mai iya karanta shi a garin, amma kakansa ya tabbatar masa kwatancen inda aka binne dukiya ne.

Shekara tara ban ga alif ba. A garin da na fito ana tsaga bayan mutum saboda guntun da bai kai ɗan yatsa ba, ga shi nan a bangon majami'a da zinariya, ana karɓar sadaka a nuna wa baƙi. Tsohon rubutu ne, ba ɗigo ba wasali, amma wanda ya haddace ba ya bukatar ɗigo. Na gane kalmar farko, ta biyu ta jawo ta uku. Na zaci a zuci nake yi. Sai da na ji muryar ta dawo mini daga cikin ɗan ɗakin nan, da karin makarantarmu, na kuma lura ina rangaji gaba da baya kamar yadda muke yi a gaban allo.

Mai makulli ya yi tsalle don murna. Ya ce wa Don Anselmo ashe baƙinsa yana karantawa, ya tambaye ni ko an faɗi wajen da za a haƙa. Ni kuwa Don Anselmo nake kallo. Bai yi fushi ba. Hannunsa ne kawai ya tashi a hankali ya dafa maƙogwaronsa, inda na bi da aska da safen nan, sumul, ko ƙwarzane babu.

"Tun yaushe, Bento?"

"Tun kafin in san ka, Sinyo."

"Har da safiyar da aka kawo ƙanena?"

"Har da ita. Da kowace safiya."

Na faɗi haka ne a matsayin hujja a gare ni. Shi kuma ya karɓe ta a matsayin hujja a kaina.

Da muka fito, takalman ba sa nan. Na tambayi mabaratan ɗaya ɗaya, ba wanda ya ga komai. Makahon cikinsu ne kaɗai ya ba ni amsa da ladabi, ya ce shi ma bai gani ba. Na bi Don Anselmo a baya har gida.

Washegari na kai ruwan zafi. Ya ce in ajiye. Ya karɓi zabirata, ya buɗe akwatin nan, ya saka ta a kan takardata, ya kulle. Daga ranar ya fara tara gemu.

Kafin mu bar garin mai makulli ya neme ni. Ya ce in zauna. Dokar ƙasarsu tana bayana, ba mai iya tilasta mini shiga jirgi. Akwai matafiya daga Ingila masu son a karanta musu bango, za mu riƙa raba abin da suka bayar, akwai kuma wani ɗan ɗaki a gindin hasumiya. Ku da kuke tambaya ko ban yi tunanin zama ba, na yi. Kwana uku ina yi. In tsufa a cikin masallacin da malaminmu ya mutu yana lumshe ido a kansa, ko da a matsayin biri mai karatu ne. Amma akwai mace a gindin wani bango a Bahiya da ta ce ba za ta sauya wurin suya ba. Sai na zauna na yi ƙiyasi irin na makaranta. Mutumin nan mai tsoron Allah ne a hanyarsa. Ya ƙetare teku don cika alkawarin da ya yi wa mala'ika, wanda ba zai kai shi ƙara ba. Shekara ashirin wuyansa yana hannuna ban cuce shi ba. Saboda haka zai ba ni takardata. Ƙiyasi ne mai kyau, ba inda ya karye sai a ƙarshe.

Na koma masallacin sau ɗaya saboda saƙon Baba Sule. Na sami lokacin da ba kowa, na tsaya a gaban mihirabin, na daidaita ƙafafu, na ɗaga hannuwa zuwa kunne. Sai na ji ƙarar makullai a bayan wani ginshiƙi. Na sosa kunnuwana duka biyu, na fita.

Dawowa ta fi tafiya tsawo, ko da yake matuƙan sun ce iska ta fi kyau. Don Anselmo yana kulle ƙofarsa, ba ya cin abin da na taɓa. A tashar Bahiya magatakardan nan dai ya dubi ƙafata, wadda ta riga ta yi kaushi ta tsattsage, bai ma buɗe takardar sosai ba.

Na sami Kande a inda ta ce. Ita ma ƙafar ta fara duba. Ba ta ce ai na gaya maka ba, da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta tsamo ƙosai uku ta miƙo mini a ganye.

Na bari kwana uku suka wuce don ladabi, sannan na je na tsaya a ƙofar shagonsa na roƙi takardata. Yana shafa gemun, wanda ya fito fari kuma bai yi masa kyau ba. Ya yi magana a hankali, kamar mai ba da shawara. Ya ce in ni 'yantacce ne, wajibinsa ne ya kai sunana wurin hukuma, kuma na san abin da ake yi wa 'yantacce mai karatun Larabci irina, da wanda ya zauna ɗaki ɗaya da shi. Bawa kuwa sha'anin ubangidansa ne, ba mai tambaya. Ya ce saboda shekarun da muka yi tare ya zaɓa mini na biyun. Na ce takardar fa.

"Wace takarda?" in ji shi. "Je ka gidan mai hatimi a duba maka littafi."

Baba Sule ya tambaye ni raka'a biyun nan. Na gaya masa gaskiya, har da susar kunne. Yana saƙarsa ya ce to, ai na dai tsaya a wurin, su ko wannan ba su samu ba. Ban san ko ta'aziyya ce ko bulala ba, ban kuma tambaya ba.

Sauran tambayoyinku ga amsarsu a taƙaice. Masallacin yana nan, ya fi yadda ake faɗa. Ban ƙirga ginshiƙan ba. Daɓensa yana da sanyi ƙwarai. Alƙiblarsa ta ɗan karkata a ganina, amma ba ni aka tambaya ba. Wani a Ƙurɗuba yana yawo da takalmana, na hagu zai matsa masa, sai ya yi haƙuri, yakan saki bayan wata guda.

Don Anselmo ba ya bukatar wanzami yanzu. Ya sayar da ni ga wani mai gonar rake a hayin ruwa, kwalekwalen zai tashi ranar Alhamis.